Jirgin ya yi kyau, amma robarsa matacciya ce

Katakon da ke cikin kwalin ƙaramin jirgin saman wasan nan da ake haɗawa a gida ba ni da ta cewa a kansa. Balsa ne na gaske, irin wanda ake nomawa a Ekwado, in ka ɗaga falle guda sai ka rantse ba komai a hannunka. Samfurin Piper Cub na zaɓa, ɗan rawayan jirgin nan na Amurka mai baƙin zanen walƙiya a gefe, wanda aka fara ƙerawa a 1938, don fiffikensa a sama yake, kuma irinsu sun fi zama daram a iska. Mu a Agege ta kanmu jirage ke bi in za su sauka Ikeja, yarona kuwa ya ishe ni da tambayar me ke riƙe su, shi ya sa na saya.

Haɗawar ta yi min daɗi. Ka shimfiɗa zanen a kan allo, ka rufe da leda, ka kafe siraran sandunan da fil, ka ɗiga gam, ka bi da samfefa. Yankan haƙarƙarin fiffiken tsaf yake, ko reza ban cika ɗauka ba. Takardar rufi ce ta ɗan wahalar da ni: ka fesa mata ruwa ta bushe ta ɗame kamar fatar kalangu, da safe danshin Legas ya sake sakin ta. Wannan ba laifin kowa ba ne.

Robar da ke juya farfelar jirgin ce ta ɓata komai. Ranar gwaji yaron ya riƙe jirgin, ni ina murɗa farfela da yatsa, ban ko kai rabin adadin da takardar bayani ta faɗa ba sai muka ji tas! Ta tsinke a cikin jirgin, ta yi bulala, ta karya sanduna uku na gefen hagu, ta yage takardar tun daga wurin zaman matuƙi har kusa da wutsiya. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, ni ne na fasa?" Wannan tambayar ta fi ɓarnar ƙona min rai. Da na zaro guntayen na ja su a haske, duk sun tsattsage, wani wurin ma yana manne wa yatsa. Zafi da rana su ke kashe roba, wannan kuwa Allah kaɗai ya san shekarunta a kan kanta. Tun da Bafaranshen nan Alphonse Pénaud ya tashi irin wannan jirgi a Faris a 1871, robar ita ce injin. Kenan jirgi aka sayar min da mataccen inji.

Na tura wa mai shagon hotuna. Amsarsa ita ce kayan da aka buɗe ba a mayarwa, wai in nemi robar ɗaure kuɗi in sa. Mutumin da bai san bambancin su ba me ya kai shi sayar da wannan kaya?

Sai da na sa aka kawo min wata robar daban daga waje. Na shafa mata gilisarin, ban da basilin don cinye ta yake yi, na liƙa ɗan nauyi a hanci har jirgin ya daidaita a kan yatsu biyu a wajen sulusin fiffike daga gaba. Bayan asuba, kafin iska ta taso, muka je filin ƙwallon unguwa. Wallahi ya tashi. Ya yi sama a hankali, ya kewaya ta hagu, farfela ta lafa, ya sulalo ya sauka kan ciyawa. A lokacin har na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma ina ɗaukarsa idona ya faɗa kan facin, raina ya sake ɓaci. Ba su sa ko tafin hannu na rarar takardar rawaya ba, da fara na toshe, gefen hagu duk ya zama dabbare-dabbare. Kuɗin sabuwar robar da na kawowa kuma ni na biya. Duk mai son saye ya ja robar da ƙarfi a waje kafin ya zura ta cikin jirgi, ko ma ya jefar da ita tun farko. Shagon nan dai ni da shi har abada, saƙona na ƙarshe ma ya karanta ya yi shiru.