Farantan silika da laimar Agusta a Bauchi

A farkon daminar bana na sayi kwali ɗaya na farantan silika, wato siraran faranti na alminiyam da aka shafa wa farin garin silika a fuska ɗaya, irin waɗanda aka rubuta wa 60 F254, domin aikin rarrabe launukan ganyen zogale a ɗakin gwaje-gwajenmu da ke Bauchi. Kwalin yana ɗauke da faranti 25, kowanne santimita 20 tsawo da faɗi, kuma nakan yayyanka su ƙanana don su daɗe.

Ranar farko na ɗiga ruwan ganyen da na sayo a kasuwar Muda Lawal a kan layin fensir, na tsayar da farantin cikin kwalba mai haɗin hekzen da asiton, ruwayen sinadari da ke hawa farantin suna jan launukan, na rufe. Kafin minti goma launuka sun rabu tsaf. Launin ruwan lemo na karotin ya haye can sama, korayen kulorofil guda biyu suna biye, rawayar zantofil kuma ta tsaya ƙasa da su. Dalilin yana kan fuskar silikar, wadda ke cike da ƙananan hannuwa masu ɗauke da oksijin da haidurojin: sinadarin da ke da inda za a kama shi, kamar zantofil, sai su riƙe shi ya yi ta jan ƙafa, karotin kuwa da ba shi da oksijin ko ɗaya sai ruwan ya tafi da shi. Da launukan ganye ne Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ɗan Rasha, ya faro wannan hanya, ya raɗa mata suna kuromatogirafi a 1906, sai dai shi garin alli ya cusa a bututun gilashi.

Da Agusta ta kankama sai aikin ya rikice, har na fara zargin an sayar mini da jabu. Ɗigon launukan suka riƙa hawa fiye da da, kulorofil biyun suna neman haɗewa. Wani dattijon ma'aikacinmu ya dubi kwalin da na bari a buɗe kusa da taga, ya ce, "Malam, farantinka ya sha laima." Gaskiyarsa kuwa, domin ruwan da ke cikin iska ya riga ya mamaye waɗannan hannuwa, bai bar wa launukan wurin kamawa ba. Na gasa farantan a tanda kan digiri 110 na ma'aunin Salshiyos tsawon rabin awa, na bar su suka huce a rufaffen mazubi mai shanye danshi, rabuwar ta dawo kamar ranar farko, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai don laifin nawa ne, ba na kayan ba.

Inda farantan suka ba ni haushi shi ne wajen yanka: almakashi yana ɓarɓashe silikar gefe, ruwan ya riƙa hawa a karkace. Sai da na koma kifa farantin a kan takarda mai tsabta, in tsaga shi ta baya da sabuwar reza da rula, sannan gefen ya daina zubewa.