Ajin Ibrananci ta Zoom da Darasin da Muka Yi a Kan El Shaddai

Wata uku ke nan ina halartar wani ajin koyon tsohon Ibrananci ta Zoom daga ɗakina a nan Madina, kuma da yake 'yan'uwa ɗalibai masu nazarin addinai sun matsa mini da tambayar ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, na ga ya dace in faɗi abin da na gani. Malamin mutumin Masar ne, da Larabci yake koyarwa, mu tara ne a ajin, biyu Hausawa, kuma riyal 250 kowa yake biya a wata don zama biyu a mako.

Zaman da ya nuna mini zurfin mutumin shi ne wanda muka yi a kan El Shaddai, ɗaya daga cikin sunayen Allah a littattafan Yahudawa. Ya ɗora mana Farawa 17:1, aya daga littafin farko na Attaura, a fuskar kwamfuta, inda aka ce Allah ya bayyana ga Ibrahim da wannan suna yana ɗan shekara 99, sannan Fitowa 6:3, inda aka shaida wa Musa cewa da shi Ibrahim da Ishaku da Yakubu suka san Ubangiji. El ba ta ba kowa wahala ba, domin 'yar'uwar ilah ce ta Larabci. Da na ji Shaddai kuwa, sai na yi farat na ce ai shadid ne na Larabci, mai tsanani.

"A hankali, ya Shaikh," in ji shi. Ya sa na rubuta shalom ta Ibrananci kusa da salam ta Larabci, shalosh kusa da thalath, shor kusa da thaur, har na gano da kaina cewa harafin shin na Ibrananci galibi sin ko tha yake zama a Larabci. Kamanceceniyar sauti kaɗai ba ta isa hujja ba, kuma na ji kunya ƙwarai, amma darasin ya zauna.

Daga nan ne ya buɗe mana saɓanin masana. Ishaya 13:6 ya haɗa sunan da shod, wato halaka, sai dai malamin ya ce wannan na iya zama wasa da kalma irin na annabawa, ba asali ba. Albright, masanin nan na Amurka, ya danganta shi a 1935 da shadu ta Akkadiyanci, tsohon harshen ƙasar Iraƙi, ma'ana dutse. Wasu sun kai shi ga shad, wato nono, wadda ita ce thadyu a Larabci daidai da ƙa'idar da na koya, suna kafa hujja da Farawa 49:25, inda sunan ya zo tare da albarkar nono da ta mahaifa. Malaman Talmud, kundin bayanan malaman Yahudawa, kuma sun raba shi biyu, she da dai, wanda ya ce wa duniya "ya isa" lokacin halitta. Wannan ce ta fi yi wa kunnena daɗi, ko da yake ya gargaɗe mu cewa fassarar wa'azi ce. Ma'anar "Mai iko duka" da aka saba ji ta bi ta hannun masu fassara ne, Pantokrator a Girkanci da Omnipotens a Latin. Sunan ya zo sau 48 a littattafan Yahudawa, kuma 31 daga ciki a littafin Ayuba suke. Ya ƙare da hoton rubutun bangon Deir Alla na ƙasar Jodan, wanda aka tono a 1967, inda aka ambaci wasu alloli da ake kira shaddayin. Muka yi ta roƙonsa ya zaɓa mana ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyin, ya ƙi.

Inda ajin ya gaza shi ne tsari. Zaman Talata yakan faɗa kan sallar Magariba ta nan, sau uku muna kai kuka ba a gyara ba, kuma bidiyon darasi yakan yi mako guda kafin ya iso. Aikin gida ma ba a cika dubawa ba. Wanda nahawunsa da sarafunsa suka nuna zai amfana sosai, amma wanda Larabcin kasuwa kawai yake ji zai sha wuya tun daga makon farko, domin malamin ba ya komawa baya. Ni dai na biya kuɗin wata na huɗu, da sharaɗin a mayar da zaman Talata bayan Isha'i.