Abonma ko sayen ɗai-ɗai: amsa ga ƙanenmu mai neman mujallar hoto a Damagaram

Ƙanena, ka tambaya wanne ya fi wa mai ɗaukar hoto da ke zaune a nan Damagaram: ya yi abonma na shekara ga mujallar hotunan fasaha, wato ya biya kuɗi tun gaba a riƙa aiko masa, ko ya riƙa sayen ɗai-ɗai wurin masu sai da jaridu in ya ci karo da ita. Na gwada duka biyun, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Da farko mu raba kaya. Akwai mujallun kayan aiki irin su Chasseur d'Images da Réponses Photo na Faransa, masu gwajin kamara da koyar da dabarun haske. Waɗannan ana buga su da yawa, shi ya sa suka fi yawo. Waɗanda kake nufi daban ne, su hoton kansa ne abin magana: Aperture ta Amurka, wadda ke fitowa tun 1952, sau 4 a shekara, ko Foam ta birnin Amsterdam. Takardarsu kauri gare ta, bugunta kuma tsada.

Daɗin sayen ɗai-ɗai shi ne ido ya gani kafin hannu ya shiga aljihu. Irin waɗannan mujallu kowace fitowa da jigonta. A 2017 Aperture ta ware fitowa sukutum ga masu hoton Afirka da wuraren baje aikinsu. Wata fitowar kuma sai ka tarar da batun da bai shafe ka ba ko kaɗan. Mai sayen ɗai-ɗai ya ɗauki ta farkon ya bar ta biyun. Mai abonma kuwa duk abin da aka aiko masa, shi ke nan.

To amma a ina za ka gan ta? Nan gizo ke saƙar. Ni dai na zaga Kasuwar Dole da Zango da masu shimfiɗa littattafai a bakin hanya, ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Kuma da dalili. Mujallar da aka kai wa mai kiyos, wato rumfar sai da jaridu, ba sayenta ya yi ba, ajiya ce: abin da ya sayu ya cire kamashonsa, mai rarrabawa ma ya cire nasa, abin da ya kwana kuma a mayar, yawanci a markaɗe takardar. Asarar tana kan mai bugawa. Wanda ya kashe kuɗi a kan takarda mai kauri ba zai tura kwafi 10 wani gari mai nisa don a sayi guda ba. Ko a Faransa harkar rarrabawa ta jigata, har babban kamfanin Presstalis ya durƙushe a 2020, France Messagerie ta gaje shi. Saboda haka a wurinmu sayen ɗai-ɗai ya koma sautu: a Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ko Kano mai kusan 240, ko wurin ɗan uwan da zai dawo daga Turai. Shi kuma mai sautu abin da ya gani zai ɗauko, ba abin da kai za ka zaɓa ba, ka ga ribar gani da ido ta tafi.

Abonma ya fi sauƙi in aka raba kuɗin bisa kowace fitowa, wannan haka yake kusan ko'ina, don mai bugawa ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya buga, ya san adadin da zai buga, ba mai cin kamasho a tsakani. Wannan ne ma ke riƙe da ƙananan mujallu. Duk sadda na tuna da Revue Noire, wadda ta fito a Paris daga 1991 har kusan shekara 10 tana nuna wa duniya aikin masu fasahar Afirka, sai in ji ciwon cewa irinta ba ta daɗewa in masu karatu ba su tsaya mata ba.

Wahalarsa kuma ba ƙarama ba ce. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, da katin banki, ba da kuɗin waya da muka saba ba. Yi lissafi da kanka: Yuro 1 sefa 656 ne, ke nan fitowar Yuro 20 ta haura jika 13, kafin a ɗora kuɗin aikowa zuwa Nijar, wanda kan cinye rangwamen da aka yi maka. Sannan sai kana da akwatin gidan waya, tunda ba a kawo wasiƙa ƙofar gida. A shekarar da na yi abonma, cikin fitowa 4, guda ta ɓata a hanya, guda ta iso a lanƙwashe da tabon ruwa a gefe. Na rubuta wa masu mujallar, suka sake aiko min wadda ta ɓata, sai dai bayan wata 2.

Za ka ce me ya hana a kalla a waya, tunda akwai abonma na intanet mai araha? Don karanta rubutun, ya wadatar. Don koyon hoto, a'a. Ranar da na fara buɗe wani hoton da Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, ya ɗauka, a kan takarda mai kyau, na daɗe ina kallon baƙin rigar wani saurayi: baƙi ne kala-kala, har zaren ɗinkin yana bayyana a cikin inuwa. A waya wurin nan duhu ne kawai. Tun daga ranar na canza yadda nake auna haske a hawan Sallah, inda farin rawani da baƙar fuskar doki ke haɗuwa a hoto guda cikin ranar tsaka.

Shawarata gare ka: kada ka yi abonma ga mujallar da ba ka taɓa riƙewa a hannu ba. Fara da sautun fitowa ɗaya, ka zauna da ita mako 2. In ta kama ka, ka nemi mutum 4 ko 5 cikinmu ku haɗa kuɗi kamar adashi, ku yi abonma guda ga mai fitowa sau 4 a shekara, da akwati ɗaya, mujallar ta riƙa zagayawa gida-gida. A ajiye ta cikin leda a akwatin ƙarfe, don ƙurar hunturu da gara ba sa barin takarda.

Ina da tsofaffin fitowa 3 a gida nan Birni. In ka samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, ka biyo ka duba su, ka taho da hotunanka na Sallar bana mu jera su gefe da gefe.