Gargaɗi ga masu neman tsofaffin wasannin jiragen yaƙi a Yamai

Ina sanar da ƴan'uwa, musamman waɗanda suka tashi a zamanin ɗakunan wasan bidiyo na unguwa, cewa akwai wani mutum da ke tallata na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2 haɗe da faya-fayan wasan jiragen yaƙi na Ace Combat a Facebook da zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp, kuma ya riga ya cuci mutane a nan Yamai. Yana sauya sunan shafinsa da lambar wayarsa, amma hotunan da yake ɗorawa da kalaman da yake jan hankali da su suna nan yadda suke.

Mutumin ya san inda ya sa tarkonsa. Kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da wasan farko a PlayStation a 1995 da sunan Air Combat, sannan Ace Combat 04 ya biyo baya a 2001, na biyar kuma a 2004. Abin da ya sa har yau ake begensu shi ne ba sa wahalar da mai wasa da darasin tuƙin jirgi na gaskiya. Jirgi ɗaya yana ɗauke da makamai masu linzami fiye da yadda kowane jirgin soja zai iya, kuma yaro yakan iya harbo abokin gaba a zamansa na farko. Yaran da suka riƙa biyan dala biyar ko goma don a miƙa musu abin sarrafawa, su ne magidanta masu albashi a yau, kuma su yake nema.

Idan aka tuntuɓe shi yakan ce kayan suna Tawa, wani kuma ya riga ya taya, saboda haka sai a aika masa kafin alƙalami ta wani kamfanin aika kuɗi, shi kuma zai saka kayan a motar safa. Da kuɗin sun shiga, sai ya nemi ƙarin na dako, daga nan waya ta daina shiga. Wasu kuma, don ya ƙara cin su, yakan aiko musu da kwali da matacciyar na'ura a ciki.

Ƙaryarsa tana fitowa fili ga wanda ya san wasan. Ga wanda ba shi da na'urar yana tallata Ace Combat 04 "na asali" da za a sauke a salula bayan an biya, alhali wannan wasa bai taɓa fitowa a hukumance a wani wuri ba sai a PlayStation 2. Fayil ɗin da yake turowa yana neman izinin karanta saƙonnin waya, wato inda lambobin sirrin asusun kuɗi suke shigowa, kuma babu wasan jirgi da ke da buƙatar haka. Haka nan yana rantsuwa cewa kayansa daga Faransa suka zo, amma kwalin da ke hoton na Amurka ne. Kwalin Turai na wannan wasa yana ɗauke da sunan Distant Thunder, na Amurka kuwa Shattered Skies, kuma faifan Amurka ba ya tashi a na'urar Turai wadda ba a taɓa cikinta ba. Ƙari a kan haka, babbar PlayStation 2 ta Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 220 ce, don haka ko da ta zo lafiya, jona ta kai tsaye zai iya ƙona ta. Faifan asali na PlayStation ta farko kuma, irin na Air Combat, ƙasansa baƙi ne, abin da bai taɓa nunawa a hotunansa ba.

Duk mai son sayen irin waɗannan kaya ya nemi a haɗu ido da ido, a jona na'urar a talabijin, a buga aƙalla mataki ɗaya na wasan, kafin ko dala ta fita daga aljihunsa. Wanda ya riga ya aika kuɗi ya adana rasiɗin da hotunan hirarsu, ya kai ƙara wurin ƴan sanda, domin dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta shafi irin wannan damfara. Wanda kuma ya sauke fayil ɗin ya goge shi, ya sauya lambar sirrin asusunsa tun yau.