Jarka ko ganga: ina za ka ajiye ruwan da za ka canja wa tankin kifi?

Ruwan da aka tace aka cire masa kilorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ba shi da kariya, don haka duk abin da ya faɗa ciki sai ya zauna daram. Nan jarka ta yi fice: ka toshe bakinta, ka ajiye a duhu, babu ƙura, babu gansakuka. Sai dai lita 20 kilo 20 ce, bayanka zai gaya maka.

Ganga kuwa ta mai babban tanki ce. Bakinta da faɗi, kana iya jefa famfo da hita, ka zuba ma'adinai, ruwan ya daidaita da ɗumin tankin kafin ya taɓa kifi. Amma a rufe ta.

Ni ganga nake so, ta roba mai lamba 2, wato alamar nau'in robar HDPE da ake bugawa a jikinta. Tagulla kam a guje ta, tana kashe jatan lande.