Awarwaron maganadisu na ciwon gaɓoɓi: ado ya yi, magani kam ban gani ba

Awarwaron nan mai maganadisu da ake ta tallarsa a intanet, wanda wai yana maganin ciwon gaɓoɓi da hawan jini da rashin bacci da kasala duk a lokaci ɗaya, na yi odarsa kuma na daɗe ina ɗaurawa a hannu, to tunda mutane sun dame ni da tambayar ko yana aiki na ce bari kawai in rubuta kowa ya karanta.

Kayan kansa gaskiya ba laifi. Ƙarfe ne irin wanda ba ya tsatsa, yana da ɗan nauyi a hannu, ta ciki an jera ƙananan maganadisu zagaye-zagaye a kowace gaɓa, kuma sun haɗo da ɗan abin da ake cire gaɓoɓin idan ya yi maka yawa. Maɓallin yana riƙewa sosai, bai taɓa ɓallewa da kansa ba. Ruwa na taɓa shi kullum amma launinsa bai canja ba. Abin da ya ban haushi shi ne yana cizon gashin hannu, sannan yana kwaso tarkace, allura, fil, ƙananan kusoshi, duk abin da ka gifta kusa da shi. Kuma in ina taifin a laftop wani lokaci sai allon ya mutu haka kawai, ashe akwai wata 'yar na'ura a gefen kibod da ke jin maganadisu, ita ce ke gaya wa kwamfuta an rufe murfi, sai ta ɗauka na rufe ta yi barcinta. In kana ɗaura agogo mai allura kar ka haɗa su hannu ɗaya, yana iya rikita masa lokaci.

To mu zo kan maganar lafiya, wadda ita ce dalilin da ya sa ake saye tun farko. Takardar cikin kwalin ta ce wai jini yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, maganadisu kuma yana jan ƙarfe, saboda haka zai jawo jini wajen ya ƙara gudu ciwo ya tafi. Maganar tana da daɗin ji wallahi, kuma rabinta gaskiya ne, akwai ƙarfe a jikin mutum, wajen giram 3 zuwa 4 a jikin babba, mafi yawansa a cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Amma ba irin ƙarfen ƙusa ba ne da ke manne wa maganadisu, ƙwayoyin zarra ne ɗai-ɗai a ɗaure cikin wani babban sinadari, kowace tana zaman kanta. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka auna wannan, suka gano jinin da ke ɗauke da iskar oksijin ma ɗan ture maganadisu yake yi kaɗan, wanda ya sauke oksijin ɗin ne ake ɗan ja, shi ma jan bai taka kara ya karya ba. Kai ma za ka iya gwadawa, ɗora maganadisu a fatarka ka bar shi ka ɗaga, wurin ba zai yi ja ba ba zai yi ɗumi ba, alhali tsumma mai ruwan zafi kawai in ka ɗora nan take za ka ga jini ya taru.

Abin da ya fi gamsar da ni ma shi ne na'urar MRI ta asibiti, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Maganadisun cikinta tesla 1.5 ne ko 3, wato gaus 15,000 zuwa 30,000 (tesla da gaus ma'aunan ƙarfin maganadisu ne), ƙarfin da ke iya fizgo tukunyar oksijin daga nesa ta shigo ramin da gudu, kuma mutum gaba ɗayansa ake turawa ciki ya yi minti talatin ko fiye. Da jini na bin maganadisu yadda masu talla ke faɗa ai babu wanda zai fito daga ciki da rai. Amma mutane na shiga suna fitowa lafiya lau, kuma ban taɓa jin wanda ya ce MRI ta warkar masa da ciwon gwiwa ba. Su kuwa na awarwaron, lambar gaus ɗin da ake bugawa a kwali a jikin maganadisun aka auna ta, da ka matsa kaɗan ƙarfin ya zube. Na sa littafi mai ɗan kauri tsakaninsa da allura, ko motsi ba ta yi ba. To abin da ya kasa ratsa littafi, yana wuyan hannu, ta yaya zai isa gwiwa ko ƙugu?

An kuma gwada a kan marasa lafiya, ba wai lissafi ne kawai a takarda ba. A 2007 Pittler da Brown da Ernst suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan irin wannan maganadisu na ɗaurawa, suka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada, sakamakon dai babu wata hujja mai ƙarfi cewa yana rage ciwo fiye da na bogi. A 2013 kuma masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka ba mutum 70 masu ciwon sanyin gaɓoɓi irin na rumatoyid abubuwan ɗaurawa kala-kala, akwai mai maganadisu mai ƙarfi, akwai mai rauni, akwai wanda aka cire wa ƙarfin gaba ɗaya, akwai na tagulla, kowa ya sa su ɗaya bayan ɗaya, ba a ga wani bambancin kirki ba a zafin ciwo ko kumburi. Irin wannan gwajin ma wahala gare shi, don mara lafiya yana komawa gida zai kanga makulli ya gane ko na gaske aka ba shi.

Ni kaina farkon sawa na ji kamar hannun ya yi sauƙi, ba zan ɓoye ba. Daga baya ciwon ya ci gaba da halinsa na da, yau ya lafa gobe ya taso, ko awarwaron na hannu ko yana kan tebur. Kuma in ka lura yaushe mutum ke sayen irin wannan abu? Sai ranar da ciwo ya kai maƙura. Ciwon gaɓa kuwa dama hawa da sauka yake, bayan ya kai ƙarshe sauka zai yi ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba, sai awarwaro ya kwashe yabon. Ga kuma sa rai, wanda shi kansa yana rage yadda mutum ke jin zafi, don haka masu cewa ya musu aiki ba na ƙaryata su, sauƙin sun ji shi, kawai dai ba daga maganadisun ya zo ba. Wannan rigimar ma tsohuwa ce, tun 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti har da Benjamin Franklin da Lavoisier a ciki don su binciki hanyar Franz Mesmer ta warkarwa da abin da ya kira maganadisun jiki, suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka ce tunanin mutanen ne ke aiki.

Kar wani ya ce na ce maganadisu ba ya taɓa jiki sam. Akwai wani magani mai suna TMS da ake yi a asibiti, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2008 don ciwon damuwa mai tsanani, amma shi filin maganadisu ne mai ƙarfi da ake kunnawa ana kashewa da sauri har ya haifar da lantarki a ƙwaƙwalwa. Masu talla na son raɓawa da sunan irin waɗannan, alhali nasu dutse ne kawai a zaune ba ya kunnuwa ba ya kashewa.

In tauraro zan ba shi, a matsayin ado huɗu cikin biyar, a matsayin magani ɗaya, shi ma don ba a ba da sifili ne. Wanda ke son ɗaurawa don kwalliya bismillah, amma dan Allah mai hawan jini ko ciwon suga kar ya ajiye ƙwayoyinsa saboda shi, kuma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi likita take so. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji shi kam ya bar shi kwata-kwata, maganadisu na iya canja yadda take aiki, shawarar da ake bayarwa ita ce a nisanta shi da ita aƙalla santimita 15, hannu kuwa in kana barci a ƙirji yake kwana. Sannan a riƙa duba ƙananan maganadisun ko wani ya fara girgiɗi, don in yaro ya haɗiye biyu ko fiye suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, sai an yi tiyata. Takardar cikin kwalin nawa ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan yara.