Masai mai tsimin ruwa a tsohon gida: wanne ne bututun zai iya ɗauka?

A shagon kayan famfo, abin da mai saye ke fara dubawa shi ne farin tangaran, da maɓallin da ke ƙyalli a saman tanki, da adadin litar da aka rubuta a kwali. Amma a gidan da aka yi wa aikin famfo shekara talatin ko arba'in da suka wuce, bututun da ke binne a ƙasa shi ke da ta cewa. Masai zai iya share kwanonsa tas da lita huɗu, ƙazantar kuma ta je ta tsaya mita biyar a gaba, inda ido ba ya kaiwa.

Ribar canza tsohon masai da mai tsimin ruwa dai a fili take. Tsofaffin tankuna samfurin Ingila, irin waɗanda suka cika gidajen gwamnati da na ma'aikata, lita 9 suke saki a kowane kori, wasu ma sun fi haka. Amurka ta yi doka a 1992 wadda ta taƙaita kori ɗaya zuwa lita 6, Ingila ta bi sahu daga 2001. A ɗauki gida mai mutum takwas, kowa na kora ruwa sau biyar a yini. Da tankin lita 9, lita 360 ke nan. Da masai mai maɓalli biyu na lita 6 da lita 3, babban kori ɗaya da ƙanana huɗu ga kowane mutum, lita 144 ne kacal. Bambancin lita 216, kusan jarka tara ta 'yan ga-ruwa a kullum. Sokawe ma zai daɗe bai cika ba.

Matsalar ita ce tsohon bututu an shimfiɗa shi ne da lissafin ruwa mai yawa. Bututun ƙarfe na da, idan ya tsufa, cikinsa yakan yi tsatsa ya yi kaushi, ya riƙa kama duk abin da ya zo wucewa. Na yumɓu kuwa gutsi-gutsi ake haɗa shi, ƙasa na motsawa mahaɗarsa ta goce, saiwar darbejiya ko mangwaro ta samu ƙofar shiga. Akwai kuma inda bututu ke lotsawa ya yi ciki, ruwa ya kwanta a wurin. Lita 9 na tura ƙazanta ta tsallake irin waɗannan wurare da ƙarfin tsiya. Lita 4 ba ta da wannan ƙarfin, sai ruwan ya wuce ya bar kayan a baya, ya bushe, na gaba ya zo ya taru a kai. Bayan wata biyu ko uku sai a ga ruwa na tasowa a kwano, a ɗora wa sabon masai laifi alhali ciwon na ƙasa.

Gangara ita ce ginshiƙi. Bututu mai inci huɗu yana son saukar santimita biyu da rabi a kowace mita. Rabin haka ma yana aiki idan bututun sumul yake kuma ruwa na bi a kai a kai, amma ƙasa da haka an shiga haɗari.

Kafin a biya ko sisi, a yi gwajin bokiti. A buɗe murfin cemba, wato ramin duba bututu, mafi kusa da banɗakin, mutum ɗaya ya tsaya a wurin. A dunƙule tishu kamar falle goma sha biyu a jefa a tsohon masai, a auna lita 6 a bokiti a juye gaba ɗaya, kada a riƙa tsiyayawa. Idan dunƙulen ya iso cemba a zubin farko ko na biyu, layin lafiya lau. A maimaita da lita huɗu da rabi. Idan aka yi zubi uku ba a ga komai ba, ko ruwa ya iso a sanyaye yana rarrafe, to a fara gyara bututu tukuna. A kuma saurara: idan masai na yin gurguru, ko ruwan da ke kwance a kwano na raguwa da kansa, bututun shaƙar iska da ya hau rufi ya toshe, sau da yawa da sheƙar tsuntsu.

Yanzu ga masai ɗin kansu. Wanda muka fi amincewa da shi a tsohon gida shi ne samfurin Turai mai maɓalli biyu, lita 6 da lita 3, irin wanda Twyford da sauran kamfanoni ke yi. Kamfanin Caroma na Ostireliya ne ya fito da dabarar maɓalli biyu a 1980. Wannan samfurin tura ƙazanta yake da nauyin ruwan da ya zubo daga tanki, maƙogwaronsa gajere ne mai faɗi, ga mafita inci huɗu daidai da bututun da ake da shi a gidajenmu. Da wuya ya toshe a cikin kwano. Aibinsa guda: ruwan da ke kwance a ƙasan kwanon kaɗan ne, don haka burushi ba zai yi nisa da shi ba. Akwai sabon fitowa mai lita huɗu da rabi da lita 3, yana da kyau, amma sai layin ya ci gwajin bokiti na biyu.

Samfurin Amurka kuwa zuƙe ƙazanta yake yi. Toto Drake misali ne mai kyau, bawul ɗin sakin ruwansa inci uku ne, ruwa na faɗowa da sauri, kwanon na fita fes. Sai dai maƙogwaronsa inci biyu ne da ɗan ɗoriya, kuma ta ƙasa yake fitar da ƙazanta, a ramin da tsakiyarsa ke inci 12 daga bango. Gidan da bututunsa ya fita ta bango, sai an fasa daɓe kafin ya zauna. Mai sha'awarsa ya nemi makin gwajin MaP, wanda ake yi tun 2003 don auna giram nawa masai ke iya korawa a kori ɗaya. Tambarin tsimin ruwa na WaterSense na Amurka na buƙatar giram 350 aƙalla, nagartattu na kai 1000. A tuna makin na magana ne kan share kwano kawai, bai san halin da bututun gidanka yake ciki ba.

Mai matsin iska a cikin tanki, irin na Flushmate, a kan takarda shi ne maganin tsohon bututu, domin harba ruwa yake yi. Amma yana buƙatar matsin da sai tankin ruwan gida ya kai tsayin mita 14 ko fiye zai samar. Tankin da ke kan ƙarfe mita huɗu ko biyar a tsakar gida ba zai iya cika shi ba. In babu injin ƙara matsi, a haƙura. Haka masu lita 3 kacal irin su Niagara Stealth, na sabon gini ne mai gajeren bututun roba, ba na tsohon layi ba.

Akwai abin da ke taimaka wa gidajen da ake tsarki da ruwa. Wani bincike da ƙungiyoyin masu aikin famfo na Amurka suka fitar a 2012 ya nuna cewa gangara, yawan ruwa da taurin tishu su ne ke yanke nisan da ƙazanta za ta yi a bututu, fiye da ƙirar masai. Inda buta ce ke aiki, tishu kaɗan ke shiga, ga ƙarin ruwan tsarki a kai. Shi ya sa lita 6 ke wadatarwa a layin da zai iya gagara a wata ƙasar. Amma audugar mata, ƙyallen goge jarirai da leda, ko ɗaya kada ya shiga.

Wajen awo a yi hattara. Idan mafita ta bango ce, a auna daga saman tayil zuwa tsakiyar bututu, yawanci wajen santimita 18 ne. Idan an ɗora sabon tayil a kan tsohon daɓe, bututun ya koma ƙasa da yadda yake, a je kasuwa da ainihin awon. Abin da ba a so shi ne bakin masai ya zauna ƙasa da bututun bango, domin ƙazanta ba ta hawa tudu. Filamba da yawa kan rufe kuskuren awo da robar haɗi mai lanƙwasa kamar maƙogwaro. Tsagin cikinta na tara datti, a yi amfani da mai sumul in dai zai yiwu. Kada kuma a dasa kwanon cikin siminti, yana iya tsaga tangaran, ranar gyara kuma sai an fasa shi. Kusoshi biyu masu zare da silikon a kewaye sun isa.

Wasu kan sayi sabon tanki su ɗora a kan tsohon kwano don rage kashe kuɗi. Kwanon da aka ƙera don lita 9 ba zai wanku da 6 ba, za a koma kora ruwa sau biyu, asara ta ƙaru. A sayi kwano da tanki tare.

Inda sabbin tankuna suka gaza na da shi ne yoyo. Tsohon tanki mai mariƙi zuƙo ruwa yake ta sama, in ya lalace sai dai ya ƙi kora. Mai maɓalli kuwa roba ɗaya ce ke tare ruwa a ƙasansa. Ƙwayar yashi daga rijiyar burtsatse, ko ɓarɓashin tsatsa daga tsohon bututun ƙarfe, in ta maƙale a ƙarƙashin robar, ruwa zai yi ta silalewa cikin kwano dare da rana ba ƙara, ya cinye duk tsimin da aka yi. Don haka ranar haɗawa a saki ruwa a bokiti har ya fito garau kafin a ɗaura tiyo, a canza ƙaramin bawul na bango, a sa matata a layin. Idan tanki na daɗewa bai cika ba, a duba bakin bawul ɗin shigar ruwa, yawanci akwai ɗan toshi na rage matsi da ake cirewa a gidan da ke shan ruwan tankin sama. Duk wata uku a ɗiga kalar abinci a tanki, a jira minti 20 ba a kora ba. In launi ya bayyana a kwano, a ciro bawul ɗin tsakiya, a wanke robar ko a canza ta. A sayi robar ajiya guda biyu tun ranar sayen masai, domin girmansu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.